Ginin Harhaɗawa, Namu Ne Ko Na Aro?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan fitowa in yi magana a kan wani abu wanda da yawa daga cikinmu za su ce bai isa a ɓata takarda a kansa ba. Maganar kuwa ita ce ta ƙananan gine-gine, watau sito, da rumfar kekuna, da gareji, da madafa, da ɗakin kaji, da irinsu. A cikin darussanmu an koya mana yadda za mu shirya aji, da yadda za mu tsaya gaban allo, da yadda za mu tsara abin da za mu koyar. Amma ban taɓa jin an tambaye mu ba, kai malam, in an danƙa maka fartanya talatin da littafi ɗari, ina za ka ajiye su? Ni dai ban gane nauyin wannan tambaya ba sai bara, sa'ad da aka rarraba mu ƙauyuka gwajin koyarwa.

Makarantar da aka tura ni tana da aji huɗu da ofishin hedimasta, amma ba ta da sito. Kayan gona da na wasa da tsintsiyoyi da bokitai duk a bayan aji uku a ke jibge su, littattafai kuwa suna cikin kwalaye a ƙasa, jingine da bango. Hedimastan mutumin kirki ne, ya daɗe yana so ya yi sito. Iyayen yara suka tara ɗan abin da ya samu, aka kira magini, aka kwaɓa ƙasa, aka soma gini a ƙarshen rani. Bango ya kai kafaɗa ke nan sai ruwan shuka ya sauka. Magini manomi ne kamar kowa, ya ce sai ya yi shuka tukuna, ba kuwa wanda ya ga laifinsa. Kafin ya gama noman fari ruwa ya ci bangon, gefe biyu suka zube. Ran da muka buɗe kwalayen nan don mu raba wa yara littattafai, sai muka tarar gara ta biyo ta tsagin daɓe ta cinye na ƙasa ƙaf. Na ga fuskar hedimasta ran nan, ba na fatan in sake ganin irinta. Kuɗin iyaye ya tafi, littattafai sun tafi, sito kuwa babu.

Bayan wannan da mako biyu na tafi kasuwar garin da ke kusa da mu. A bakin tasha na tsaya wurin wani mai walda, na tarar ya gama ƙera wa wata mata shago na ƙarfe da kwano. Bango huɗu ya yi dabam dabam, da ƙofa, da rufi, duka a cikin rumfarsa. Ya ce mini kwana huɗu ya yi yana aikin, ana ruwa a waje shi kuwa bai tsaya ba. Ina nan tsaye aka loda su a a-kori-kura, aka kai inda matar ta ke so, yaransa suka tayar da su, suka ɗaure da noti. Kafin la'asar ta fara jera kayanta. Na ce a raina, ashe abin da ya gagare mu wata uku, ga wani ya gama shi bai cika mako ba.

Wannan shi ne abin da na ke kira ginin harhaɗawa. Ma'anarsa a auna sassan ɗaki, a yanka, a ƙera su a wuri guda inda akwai inuwa da kayan aiki, sa'an nan a kwashe su zuwa filin da za a kafa, a harhaɗa. Ra'ayina shi ne wannan hanya ita ce ta fi dacewa da ƙananan gine-ginen makarantunmu, amma bisa sharaɗi biyu. Na fari, mu ne za mu ƙera sassan da hannunmu, da kayan da ke kusa da mu. Na biyu, mu ƙera su daidai da rana da iska da garar ƙasarmu. In sharuɗɗan nan ba su cika ba, to, gara a bar wa magini aikinsa.

Kakanninmu Sun San Shi

Na san wani zai ce wannan ai dabarar Turawa ce. To, in tambaye shi, a ina a ke yin jinka? Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san a ƙasa a ke yinta. A tsakar gida a ke kafa tsaiko, a ɗaura tanka tun daga ƙasa har bisa, sa'an nan a kira maƙwabta a ɗaga shi gaba ɗaya a aza bisa bango. Daga nan ne aka sami karin maganar nan da a ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zana fa? A gindin itace a ke saƙa ta da rani, a naɗe, a kai kasuwa, wanda ya saya ya je ya kewaye gidansa da ita a yini guda. Tubali ma tun da wuri a ke murza shi, a shanya, a tara, kafin ranar gini. Dubi kuma Filanin daji: ran tashi a ke warware bukka, a ɗaure kayanta a aza wa dabba, a sake kafa ta a mashekari na gaba. Duk waɗannan ginin harhaɗawa ne, sunan ne kawai ba mu sa masa ba.

Abin da Turawa suka ƙara a kai abu biyu ne, ƙarfe da awo. A shekarar 1829 wani injiniya mai suna Henry Palmer, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Landan, ya yi rajistar dabarar lanƙwasa fallen ƙarfe ya yi tudu da kwari, watau kwanon rufin nan da muka sani. Lanƙwasar ita ce ke ba falle ƙarfi, ga shi ba nauyi, kuma ana iya jera ɗaruruwa bisa juna a wuri kaɗan. Da samun kwano sai maƙeran Ingila suka shiga ƙera ɗakunan ajiya da gidaje da asibitoci gunduwa gunduwa, suna aikawa ƙasashe masu nisa cikin jirgin ruwa. Ƙasarmu ma ta sami rabonta. A 1843 aka ƙera wa Sarki Eyamba na Kalaba gidan ƙarfe a Libaful. A 1884 kuma aka kawo gidan katako daga Birtaniya aka harhaɗa a kan tudu a Kalaba don wakilin Turawa. Yana nan tsaye har yau, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Wanda ya ce ginin harhaɗawa ba ya ƙarko, sai ya je ya gani, gama gani ya kori ji.

Yaƙi ne ya nuna iyakar saurin wannan hanya. A 1916, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani hafsan sojan Ingila mai suna Peter Nissen ya fito da wata irin rumfa ta kwano mai siffar rabin ganga, faɗinta ƙafa 16. Kayan rumfa guda suna shiga babbar motar soja ɗaya, mutum shida kuwa su kan kafa ta cikin awa huɗu. Kafin yaƙin ya ƙare an ƙera wajen 100,000. A Amurka kuma tun daga 1908 kamfanin Sears ya riƙa sayar da gidaje ta hanyar littafin talla. Mutum ya zaɓi wanda ya ke so, ya aika da kuɗi, a aiko masa da kayan a jirgin ƙasa tare da littafin da ke nuna yadda za a haɗa. Cikin shekara talatin da 'yan kai sun sayar da gida wajen 70,000, ban da gareji da rumbuna da ɗakunan kaji da su ke sayarwa ta wannan hanya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, gwamnatin Ingila ta kafa ƙananan gidaje na harhaɗawa fiye da 156,000 don mutanen da bom ya rushe wa gidaje.

Mene ne asirin duk waɗannan? Awo guda. In kowane sashe ya fito daidai da ɗan'uwansa, ramin ƙusa ya faɗa kan ramin ƙusa, to, ba a bukatar gwani a filin aiki. Gwanin ya riga ya gama nasa a inuwa, saura masu ƙarfi da sifana. In kuwa sashe ɗaya ya lalace, sai a cire shi a sa wani, ba sai an rushe ɗaki ba.

Darasin Yamai

Amma kada ɗokin abin ya ɗauke mu, gama akwai wani labari da ya kamata mu sa a gaba. A 1949 wani gwanin ƙira Bafaranshe mai suna Jean Prouvé ya ƙera wani gida na alminiyam da ƙarfe don ƙasashe masu zafi, aka ɗauko sassansa daga Faransa a jirgin sama aka harhaɗa a Yamai, babban birnin Nijar. A 1951 aka kai wasu biyu Barazabil a ƙasar Kwango. Mutumin ya yi tunani ƙwarai. Ya sa baranda kewaye da gidan, da makarin rana, da rufi mai hawa biyu inda iska mai zafi ke fita ta tsakiya. Duk da haka guda ukun nan kaɗai aka yi, domin kuɗinsa ya fi na gina gida da kayan da ke wurin nesa ba kusa ba. A shekarar 2000 aka warware su aka mai da su Faransa, a 2007 kuwa aka yi gwanjon ɗaya a Niyok, aka saye shi kusan dala miliyan 5. Gidan da aka ƙera don mazauna Afirka ya ƙare abin kallo a wurin attajiran Turai da Amurka. Me ya kashe shi? Babu maƙerin Yamai da ya sa hannu a ƙirarsa, babu ƙusa ɗaya da aka saya a kasuwar garin. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Na zamaninmu shi ne kwantena. Tun 1956 aka fara ɗaukar kaya a jiragen ruwa cikin manyan akwatunan ƙarfe, yau kuwa ga su nan ko'ina, masu tsawon ƙafa 20 da masu ƙafa 40, faɗinsu ƙafa 8. In sun tsufa a kan sayar, mutane su yanka ƙofa su mai da su shago ko ofis ko sito. Ban ƙi ba, ɓarawo yana shan wuya kafin ya fasa ta. Amma don tekun aka ƙera ta, don kada ruwa ko iska su shiga. Duk wanda ya taɓa shiga kwantena da azahar a watan Maris ya san tanderu ce. Irin shuka da magani da fenti da man fetur ba su son irin wannan zafi, balle ɗan Adam. Ga shi kuma sai da babbar mota da injin ɗaga kaya a ke kai ta wuri, hanyar ƙauyen da na yi aiki kuwa ko a-kori-kura da ƙyar ta ke bi da damina. In ta yi tsatsa ta huje, kafintan ƙauye ba shi da abin da zai yi mata.

Abin Da Na Ke Ba Da Shawara

To, ga abin da na ke gani za mu iya. Mu zaɓi awo guda mu tsaya a kansa, ni kuwa na zaɓi ƙafa 4. Dalili shi ne fallen filawud da a ke sayarwa a kasuwa ƙafa 8 ne tsawo, 4 faɗi, katako kuma ƙafa 12 a ke yawan sayar da shi, watau huɗu sau uku. In mun bi wannan awo, abin da za a yar wajen yanka kaɗan ne. Sai a ƙera gunduwar bango mai faɗin ƙafa 4, firam na katako ko na ƙarfe, a yi iri uku kawai: rufaffiya, da mai taga, da mai ƙofa. A huda ramukan noti a wuri ɗaya a jikin kowace, da ma'auni guda wanda za a rataye a ɗakin sana'a, kada kowa ya auna da idonsa.

Yanzu ku ɗauki fensir mu yi lissafi. Sito mai faɗin ƙafa 8 da tsawon ƙafa 12, kewayensa ƙafa 40 ne, watau gunduwa 10: ɗaya mai ƙofa, biyu masu taga, bakwai rufaffu. Gareji mai ƙafa 12 da 20, kewayensa ƙafa 64, gunduwa 16 ke nan. A cire uku na gaba don babbar ƙofa, saura 13. Rumfar kekuna da babura ba ta bukatar kome sai bangon baya da ginshiƙai da rufi. In makaranta ta girma sito ya yi kaɗan, sai a kwance bangon ƙarshe, a ƙara gunduwa ɗaya a kowane gefe da ɗan rufi, a mayar da bangon, ɗaki ya ƙaru da ƙafa 4. In kuma aka ta da makaranta zuwa sabon fili, sitonta ya bi ta. Kowace gunduwa mutum huɗu za su iya ɗauka a ka ko a amalanke, ba ruwanmu da injin ɗaga kaya.

Sai maganar abokan gaba uku, gara da iska da rana. Gara ta ƙasa ta ke zuwa, sabo da haka kada katako ya taɓa ƙasa ko kaɗan. A fara yin dakali na bulo ko na dutse da siminti, ya ɗaga bisa ƙasa kamar taki guda, a shafe katakon da maganin gara tun yana ɗakin sana'a, a kuma bar gindin dakalin a fili inda ido zai ga hanyar gara tun tana farawa. Inda a ke samun azarar giginya ko ƙirya, su ne suka fi, gama magabata sun daɗe da sanin gara ba ta cika damunsu ba. Farin katako mai araha kuwa abincinta ne.

Iska ita ce ta fi ba ni tsoro. Kowa ya san yadda guguwar farkon damina ke yaye rufin makarantu. Ɗakin harhaɗawa ba shi da nauyi, iska kuwa ba turawa kawai ta ke yi ba, ɗagawa ta ke yi, kamar yadda ta ke ɗage hular mutum. Don haka tun siminti yana ɗanye a dasa dogayen noti a cikin dakali, a ɗaure gindin bango da su, a kuma ɗaure rufi da bango da ƙarfe, kada a dogara ga ƙusa kaɗai. Kowace gunduwa a gicciya mata sanda daga kusurwa zuwa kusurwa. Ku gwada da karan dawa ku gani: in kun ɗaure kara huɗu kun yi murabba'i, da kun danna sai ya karkace, amma in kun ɗaure uku, ba ya motsi.

Rana kuwa maganinta tazara ce tsakanin kwano da abin da ke ƙarƙashinsa. Wani magini mai ilmin zane ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, wanda ya fara da koyon kafinta, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando, aka gama a 2001. Bangon na bulon ƙasa ne, silin ma na ƙasa, sa'an nan ya ɗaga rufin kwano can bisa a kan sandunan rodi, iska tana ratsawa tsakani tana kwashe zafi. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin, da zarto da ƙaramin injin walda. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini, shi ne kuwa ɗan Afirka na fari da ya same ta. Ku gwada wannan da gidan Yamai. Tunanin iska ɗaya ne, amma na Gando hannun masu wurin ne ya yi shi, shi ya sa ya zauna har aka yi ta ƙara masa gine-gine. Mu ma mu bar tazara tsakanin bango da rufi, mu toshe ta da waya don ɓera da jemage, mu sa rufi ya zarce bango ya yi masa inuwa, mu shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashin kwano. Jikin gunduwa ma ba lalle sai kwano ba. Rumfar kekuna da ɗakin kaji zana ko gora ta ishe su. Wani gargaɗi kuma: in kun sami tsohon fallen asbesto a bayan makaranta, kada ku yanka shi ko ku huda, gama ƙurarsa tana lalata huhu. Ingila ta hana amfani da shi gaba ɗaya tun 1999.

Abin Da Za A Ce

Na kawo wannan magana a ɗakin kwananmu, abokaina kuwa ba su bar ni na sha ruwa ba. Wani ya ce za mu kashe wa magina sana'a. Na ce a'a, wa zai yi dakali in ba magini ko birkila ba? Kuma aiki ne zai ƙaru ga kafinta da mai walda na gari, domin su za mu ba awo su riƙa ƙerawa. Wani ya ce ɗakin ƙasa ya fi sanyi, ya kuma fi araha. Gaskiyarsa, ban yi musu ba. Inda akwai ƙasa mai kyau, da magini mai lokaci, da rani a gaba, a yi na ƙasa. Har ma ana iya gama biyun: a fara kafa ginshiƙai da rufi na harhaɗawa a yini ɗaya, sa'an nan magini ya ta da bangon ƙasa a ƙarƙashinsa a hankali, ko da ana ruwa. Da haka aka yi a makarantar da na faɗa, da bangon nan bai zube ba. Wani kuma ya yi dariya ya ce abin da sifana ta ɗaure, sifana ta ke kwancewa, ɓarawo ma yana da tasa. Wannan ma gaskiya ne, amma maganinsa mai sauƙi ne: kan noti mai santsi a waje, maɗaurinsa a ciki.

Akwai dai magana ɗaya wadda ba ni da cikakkiyar amsarta, ita ce ta fi damuna. Abin da aka ce na ɗan lokaci ne ya kan zama na dindindin. Gidajen nan na Ingila an yi su ne da nufin su yi shekara goma, amma waɗansu an zauna cikinsu fiye da shekara sittin. Ina tsoron ranar da yara za su yi yawa, wani mai iko ya zo ya dubi sitonmu mai kyau, ya ce a kwashe fartanyu a sa benci. Ɗakin da aka auna don fartanya bai dace da yaro ba, ba haske, ba isasshiyar iska, ruwa kuma in yana dukan kwano ba mai jin muryar malam. Ba abin da zai hana wannan sai malamin da ke wurin ya buɗe baki ya ce a'a. Mu ne kuwa malaman nan, shekara ɗaya ko biyu masu zuwa.

Har wa yau akwai wata riba wadda ba ta sito ba ce. Sau nawa mu ke koya wa yara awo da kewaye da faɗin fili a kan allo, su haddace, su manta? Ga lissafi nan a tsaye, ana taɓa shi da hannu. Yaro ya ɗauki igiya ya auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, in tsakaninsu ya ba da 5 ya san kusurwarsa ta miƙe daidai. Ya lissafa gunduwa nawa gareji zai ci. A sa indararo a bakin rufi da ganga a ƙasa, a gaya masa kowane milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin ƙafa 8 da 12 kusan murabba'in mita 9 ne, watau a ƙasar da ruwan shekara ya kai milimita 1,000, kusan lita 9,000 ke zuba a kansa. Yaron da ya yi wannan lissafi, ya kuma ga gangar ta cika, ba zai sake tambayar amfanin lissafi ba.

Sabo da haka ina roƙon shugabanninmu na wannan kwaleji da malamanmu na sana'ar hannu su dubi wannan magana. Ba kuɗi mai yawa na ke roƙo ba. A ba kowane aji da ke shirin fita aikin ƙera sito guda ɗaya kafin su gama. Su auna, su yanka, su kafa shi a filin kwaleji, su kwance, su sake kafawa har hannunsu ya saba, sa'an nan a kai shi ɗaya daga cikin makarantun da mu ke gwajin koyarwa a bar musu. Kowane ɗalibi kuma ya fita da takarda guda mai zanen gunduwa uku da awonsu, a rubuce da harshen da kafintan ƙauye zai gane. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, kada mu ce mu malamai ne, zarto da guduma ba namu ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da aka miƙa maka mabuɗin makaranta a ƙauyen da ba ka san kowa ba, hadari ya haɗu a gabas, littattafan yara suna ƙasa, ran nan ba lokacin koyo ba ne.

Wanda ya ga kuskure a awona ko a lissafina, ina maraba da gyara a fitowa ta gaba.

Naku,
Wani ɗalibi na ajin ƙarshe